Zauren Amsa Tambayoyinku: Ko Rawar Gargajiya Tana Riƙe Mai Ita?

Tun bayan bukukuwan Sallah wasiƙun da suke shigo wa wannan fili suka karkata ga kiɗa da rawa, kuma ban yi mamaki ba, domin wanda ya tsaya a Ƙofar Fada ta Zariya ranar Hawan Daushe ya ga dawaki da makaɗa da 'yan tauri, da wuya ya koma gida babu wata tambaya a ransa. Na zaɓi wasiƙu uku. Ta farko ce za ta cinye mana yawancin fili, saboda mai ita ya tambayi abin da ya shafi rayuwarsa gaba ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara ashirin da biyu daga Tudun Wada. Tun ina aji biyu na ƙaramar sakandare nake cikin wata ƙungiyar rawa ta unguwarmu, muna yin koroso da takai, ana gayyatar mu bukukuwa da tarukan makarantu. Ina ganin mutanen Gini da Senegal a waya suna koya wa Turawa rawar ƙasarsu, kuma da alama da ita suke ci suke sha. Mahaifina tela ne, ya ce in bar wannan tsalle-tsalle in zauna a kan keke. Shin rawa sana'a ce da za ta riƙe mutum har tsufansa? Kuma yaya waɗancan suka yi suka kai inda suke?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Tambayarka biyu ce, kuma zan fara da wadda amsarta ta fi ɗaci. Rawa ita kaɗai, wato ka fito fili ka taka, a yi maka liƙi, ka tattara ka koma gida, ba ta riƙe mutum har tsufa, ko a Zariya ko a Konakiri. Gwiwa da ƙugu suna da wa'adi, kuma wa'adinsu yakan cika tun mai su yana da sauran bakunan da zai ciyar. Abin da yake riƙe ɗan rawa bayan ya haura arba'in shi ne koyarwa da tsara wasa da jagorancin ƙungiya. Ka sake duban waɗanda kake gani a waya, za ka tarar da yawansu da furfura, kuma ɗaliban da suka kewaye su suna biyan kuɗi ne saboda abin da ke cikin kan malamin.

Kafin mu tafi Gini, ya kamata ka fahimci mahaifinka, don ba ƙiyayya ce ta sa shi magana ba. A tsarin Bahaushe na dauri babu wata sana'a da ake kira rawa. Akwai kiɗa, akwai roƙo, ana gadonsu, har suna da sarautunsu a fada irin su Sarkin Makaɗa da Sankira. Rawa kuwa ta mai wata sana'a ce. Mahauci yana taka kalangu, maƙeri yana taka dundufa, manomi yana amsa gangar noma ranar gayya, ɗan hoto yana cilla garma sama ya cafe, ɗan tauri yana fitowa da wuƙaƙensa idan aka kaɗa masa takensa, kuma kowannensu da zarar kiɗa ya tsaya yana da inda zai koma, ko rumfar nama ko maƙera ko gona. Mai rawa ne ma yake ba makaɗi kuɗi saboda an kaɗa masa take an yi masa kirari. To, idan dattijon da ya tashi cikin wannan tsari ya ji ɗansa ya ce rawa ce sana'arsa, abin da kunnensa ya jiyo shi ne yaron ba shi da sana'a.

Ɗan rawa mai albashi, wanda yake sammako ya tafi atisaye kamar yadda ma'aikaci yake tafiya ofis, sabon abu ne a Afirka ta Yamma, kuma ƙasar Gini ce ta fi kowa raya shi. Wani malamin makaranta kuma marubuci ɗan garin Sigiri, mai suna Fodeba Keita, shi ya kafa ƙungiyar Les Ballets Africains a birnin Faris a farkon shekarun 1950. Ya ɗauko raye-rayen ƙauye waɗanda ake kwana ana yi a da'ira, ya taƙaita kowacce zuwa 'yan mintoci, ya juyo da fuskokin masu rawa wajen 'yan kallon da suke zaune a kujeru. Bayan Gini ta sami 'yancin kai a 1958, gwamnatin Seku Ture ta mayar da ƙungiyar ta ƙasa, ta kuma shimfiɗa gasa tun daga ƙauye har Konakiri, ta yadda yaron da ya yi fice a garinsu za a ɗauke shi a kai shi inda zai yi shekaru ana horar da shi kamar soja. Shi Fodeba Keita bai wanye lafiya da wannan gwamnati ba, domin ya zama minista, daga baya aka kama shi, ya rasu a tsare a sansanin Boiro a 1969.

Daga cikin yaran da aka tsinto ta wannan hanya akwai Mamady Keita, makaɗin jembe, wato gangar da ake kaɗawa da tafin hannu, wanda aka haifa a ƙauyen Balandugu a 1950. Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka sa shi cikin ƙungiyar ƙasa ta Djoliba, ya shafe sama da shekara ashirin a cikinta. Da Seku Ture ya rasu a 1984 hannun gwamnati ya yi sanyi a kan waɗannan ƙungiyoyi, gwanayen da ta horar suka fara watsuwa duniya neman abinci. Mamady Keita ya zauna a Beljiyam, ya buɗe makarantarsa ta Tam Tam Mandingue a 1991, ta yi rassa a ƙasashe da dama kafin rasuwarsa a 2021. Youssouf Koumbassa, ɗan rawa ne da ya fito daga wannan ƙungiya ta Djoliba, ya koma Amurka yana koyarwa. Assane Konte, mutumin Senegal, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar KanKouran a Washinton a 1983. Wayarka tana nuna maka su a gaban aji, amma ba ta nuna maka shekarun da suka yi suna ɗaukar kayan wani, ana yi musu tsawa, suna maimaita taku ɗaya har ƙafa ta kumbura.

Yana da kyau ka san yadda darasin nasu yake gudana, domin a nan ne za ka gane abin da ake saya. Aji yakan ɗauki kamar awa ɗaya da rabi, kuma da makaɗa a zaune ake yi, masu jembe da masu manyan ganguna uku da ake kira dundun. Malami zai fara da motsa jiki, sannan ya faɗi sunan rawar da za a koya da mutanen da suke da ita da dalilin yin ta. Zai ce wannan kassa ce, ta manoman Malinke, da ita ake zuga masu aiki a gona, wato dai 'yar'uwar gangar nomanmu. Ko ya ce wannan dundunba ce, rawar ƙarfafan maza ta yankin Kurusa. Ko yankadi, wadda samari da 'yan matan Susu suke yi. Daga nan sai ya warware taku ɗaya gunduwa-gunduwa, ƙafa tukuna, sannan hannu, sannan kai da kafaɗa, a hankali ba kiɗa, har sai mafi nauyin jiki a ajin ya kama. Bayan haka ɗalibai su jeru sahu-sahu suna takowa zuwa wajen makaɗa, mai jembe yana kaɗa wata 'yar gajeriyar alama da take cewa a fara, a canza, ko a tsaya. Malamin da bai san wannan alama a hannunsa ba, bai iya rera kiɗan da bakinsa ga makaɗin da ya kuskure ba, ba zai yi mako biyu da aji ba.

Wadda ta fi burge ni a wannan fage mace ce, Germaine Acogny. An haife ta a ƙasar Benin a 1944, ta tashi a Senegal, ta buɗe ɗan ɗakin koyar da rawa a Dakar a 1968. Daga 1977 zuwa 1982 ta shugabanci makarantar Mudra Afrique, wadda Shugaba Senghor na Senegal da Maurice Béjart, Bafaranshe gwanin tsara rawa, suka kafa, daga baya ita da mijinta suka gina École des Sables a Toubab Dialaw, wani ƙauyen masunta a bakin teku, inda matasa daga ƙasashen Afirka suke zuwa ɗaukar horo. A 2021 aka ba ta babbar lambar girmamawa ta rawa a birnin Benis na Italiya, kuma ta haura shekara saba'in tana hawa dandamali. Aikin da ta yi wanda ya bambanta ta shi ne ta zauna ta tsara motsin jiki daki-daki, ta ɗora shi a kan ƙashin baya, ta raɗa wa kowane motsi suna daga abin da ido ya saba gani, akwai kuka, akwai bado, akwai rimi. Duk lokacin da na bi ta Rimin Tsiwa ko Rimin Doko sai na tuna cewa wata a Senegal ta mayar da tsayuwar wannan bishiya darasi, mu da muke da unguwanni masu sunanta ko takun takai ba mu raɗa wa suna ba.

Yanzu sai mu dawo kanka. Koroson da kuke yi ita ma 'yar wannan zamani ce ta dandamali, domin a Kano aka harhaɗa ta a farkon shekarun 1970 daga raye-raye daban-daban na Hausawa da Fulani don a riƙa fita da ita gasa da bukukuwan al'adu, kuma ba aibi ba ne a faɗi haka. Amma ka yi wa kanka jarrabawa. Ka samo yaron da bai taɓa rawa ba, ka koya masa taku ɗaya ba tare da ka ce masa "kalle ni ka yi yadda na yi" ba. Ka gwada gaya wa baƙo dalilin da ya sa ake haɗa sanduna a takai, da wane lokaci na shekara ake yin ta, da su wane ne suke yin ta kafin ta shigo filin makaranta. Ka zauna ka riƙe kalangu ko ganga ka kaɗa wa abokanka su taka. Idan ka kasa ukun nan, to har yanzu kai ɗan rawa ne kawai, kuma a shekara ashirin da biyu wannan ba abin kunya ba ne, sai dai lokacin gyara ya yi.

Hanyoyin da suke gabanka a Nijeriya ba su da faɗi, amma akwai su. Jihohi suna da hukumomin raya al'adu masu ƙungiyoyin rawa, waɗanda suke haɗuwa a bikin al'adu na ƙasa, wato NAFEST, da aka fara tun 1970, kuma akwai ƙungiyar ƙasa wadda marigayi Hubert Ogunde ya fara jagoranta. Guraben dindindin a irin waɗannan wurare kaɗan ne, yawanci ana ɗibar ƙarin 'yan wasa ne idan biki ya matso, a sallame su bayan an tashi. Sai makarantu masu zaman kansu, sai bukukuwa, sai ƙungiyoyin da suke amfani da wasa wajen wayar da kan jama'a. Kai kuma Allah ya yi maka gata da ka tashi a Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin wasan kwaikwayo, da gidan wasan nan na ginin ƙasa a Samaru da ake kira Drama Village, wanda aka gina a shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe. Peter Badejo, gwanin tsara rawa wanda ya kafa ƙungiyar Badejo Arts a Landan a 1990, a wannan jami'a ya yi aiki kafin ya tafi Ingila. Idan sakamakonka na sakandare yana da kyau, musamman Turanci da adabi, ka zauna JAMB ka nemi sashen. Sai dai ka sani wasan kwaikwayo ne ginshiƙin karatun, rawa reshe ce a cikinsa, kuma takardar da za ka fita da ita amfaninta shi ne ta buɗe maka ƙofar aji da ta ofis. Ƙafa kuwa a wani wuri ake koyonta.

Wurin shi ne ƙauye. Bayan an gama girbi, lokacin da ake kalankuwa da bukukuwan aure, ka shiga garuruwan da ke kewaye da mu, wajen Giwa da Soba da Hunkuyi da Maƙarfi, gwargwadon yadda hanya ta yi lafiya, ka nemi tsofaffin makaɗa da waɗanda suka yi tashe a dandali. Ka je da goronka, ka durƙusa ka gaishe su, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, ka rubuta sunan kowane kiɗa da takensa da wanda ya koya maka. Na taɓa zama da wani dattijo a wani ƙauye a arewacin Zariya, wanda ƙafa ta riga ta hana shi tashi, amma da jikansa ya taɓa ganga sai ga kafaɗunsa suna ba da amsa, yana gyara wa yaron hannu da baki, yana cewa ba haka ake shiga ba. Ya rasu, kuma ban ji wanda ya ɗauki abin da ke kansa ba, ni ma da na zauna da shi hira kawai na yi na tashi. Wannan yana cikin abubuwan da nake nadama. Mutanen Gini sun kai inda suka kai ne saboda an tattara irin waɗannan tsofaffi an ɗebi iliminsu tun suna raye.

Ka kula da jikinka tun yanzu. Raye-rayenmu a kan ƙasa aka ƙirƙire su, ƙasa kuwa tana karɓar nauyi, amma siminti da tayil suna mayar wa gwiwa duk abin da ka ba su, kuma yawancin ɗakunan taron da ake gayyatar ku irin wannan daɓe ne da su. Kada ka fara alkafura da lanƙwasar koroso jiki bai yi ɗumi ba, kada ka taka a kan targaɗe don an riga an karɓi kuɗin mutane. Ƙwayoyin da wasu samari suke haɗiya don su jure kwana ana wasa suna ɓoye ciwo ne kawai har ya yi girman da ba ya gyaruwa, ban da abin da suke yi wa hankali da mutunci.

Game da keken ɗinki, ina bayan mahaifinka, amma ba don ka bar rawa ba. Babu ƙungiyar da take fita fili ba kaya, kuma ka fi ni sanin yadda kuke wahala kafin ku haɗa riguna iri ɗaya na mutum goma sha biyu, da yadda wando yake yagewa a tsakiyar wasa idan telan bai san inda ƙafa za ta kai ba. Telan da shi kansa ɗan rawa ne ya san inda zai ƙara yadi da inda zai ninka ɗinki, kuma makarantun garin nan kaf suna neman irin waɗannan kaya duk ƙarshen shekara. Sana'a goma maganin mai gasa, in ji Hausawa. Ka ba keke safiyarka, ka ba atisaye yammacinka, ka bar mahaifinka ya ga kuɗin ɗinkin kayan rawa sun shigo shagonsa, sannan ka sake tayar da maganar. Batun hukuncin kiɗa da rawa a addini kuwa, malamai sun yi maganganu masu yawa a kai, ni kuma ba mai fatawa ba ne. Ka je wurin malamin da ka amince da shi, ka bayyana masa ainihin irin rawar da kuke yi da irin wuraren da kuke zuwa, kada ka rage masa komai.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Samaru. Duk ƙarshen shekara ni ake ɗora wa shirya yara su yi rawar gargajiya ranar rabon kyaututtuka. Mukan ɗauko wani saurayi ya koya musu na mako biyu, ya zo da lasifika ya sa waƙoƙin fim, yara su sa kayan saƙi su yi ta juyi. Iyaye suna tafi, amma ni raina bai kwanta ba. Yaya zan gane malamin rawa na gaskiya?

Amsa: Malama, ranki ya gaya miki gaskiya. Rawar da ake yi a finafinanmu tana da nata gwanaye da nata masoya, amma kowa ya san ta ɗebo da yawa daga finafinan Indiya, kuma sa wa yarinya zanen saƙi da ƙwarya a ka ba ya mayar da ita ta gargajiya. Idan mai neman aikin ya zo, ki yi masa tambaya uku cikin hira, ba tare da ya ji kamar ana tuhumarsa ba: mene ne sunan rawar, su wa suke da ita, kuma wa ya koya masa. Wanda ya sani zai ji daɗin tambayar har ki gaji da bayani. Sannan ki nemi ya zo da makaɗi ko da mutum ɗaya ne. Lasifika ba ta ganin yaro, ba ta jira shi idan ya makara, ba ta ƙara masa wuta idan ya kama, alhali mai kalangu idonsa yana kan ƙafafun yaran, kuma wannan amsa-amo tsakanin hannu da ƙafa shi ne abin da ake so yaro ya ɗanɗana.

Ki kuma tsaya ki kalli darasin farko. Malamin kirki yana farawa da tafi da taku mai sauƙi wanda duk ajin zai iya, ba ya zaɓar yara huɗu masu kyan jiki ya tura sauran baya, ba ya riƙe bulala, kuma ba ya koya wa 'yar shekara bakwai karairayar da ta fi ƙarfin shekarunta. Kada a bar shi da yara shi kaɗai a aji; wata malama ta kasance a wurin tun daga farko har a tashi, ko da kuwa kun san shi kun san gidansu.

Ga 'yan mata ƙanana, ba ki ma bukatar ɗauko kowa daga waje. Gaɗa tana nan, da tafinta da waƙoƙinta da faɗawar da yarinya take yi a hannun ƙawayenta su cafe ta su ɗaga, kuma na tabbata a cikin kakannin yaran ajinki akwai waɗanda suka yi ta a dandali da farin wata. Ki gayyaci biyu ko uku daga cikinsu, ki ba su kujera da ruwan sanyi, za ki sha mamakin abin da zai fito. Idan kuma makaranta tana son a nuna rawar wasu ƙabilu, Samaru da Sabon Gari cike suke da masu abin. Swange ta Tibi ce, atilogu ta Ibo ce, bata ta Yarbawa ce, kuma kowacce tana da 'ya'yanta a cikin iyayen yaranku. Na sha ganin an ɗaura wa yara zanen nan mai ratsin baƙi da fari na Tibi suna taka abin da babu Batibin da zai gane shi, iyayen da abin ya shafa suna zaune suna murmushin haƙuri.

Abu na ƙarshe zai yi wa mai makarantarku nauyi, amma ki isar masa. Mako biyu ba ya koyar da rawa, sai dai haddar jeri. Idan ana son abin ya zauna, a ɗauki malamin na zango guda, awa ɗaya a mako, a yanka masa abin da za a riƙa biyansa a rubuce, a kuma ware na makaɗi daban. Irin wannan ɗan aiki mai ɗorewa shi ne yake sa saurayi kamar mai wasiƙar farko ya ga dalilin zuwa ƙauye ya ƙaro ilimi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ne shugaban wata ƙungiyar rawa a Sabon Gari. Wani mutum ya same mu ya ce zai kai mu wani bikin al'adu a Turai, amma kowane ɗan ƙungiya sai ya biya kuɗin rajista da na biza ta hannunsa, kuma ya ce mu tattara masa fasfo ɗinmu. Yara sun fara sayar da wayoyinsu. Mene ne shawararka?

Amsa: Malam, ka dakatar da tara kuɗin yau, kuma kada fasfo ko ɗaya ya bar hannun mai shi. Bikin gaskiya yana da suna da gari da ranaku da adireshin intanet, kuma masu shirya shi suna aiko da takardar gayyata mai ɗauke da sunan ƙungiyarku da sunan kowane mai tafiya, tare da yarjejeniya da ta fayyace wanda zai biya kuɗin jirgi da masauki da abinci, da abin da za a ba ku idan akwai. Ka karɓi sunan bikin daga bakin mutumin, ka sa wani mai Turanci ko Faransanci a cikinku ya rubuta wa masu bikin kai tsaye, ta adireshin da kuka nemo da kanku ba wanda ya ba ku ba, ya tambaye su ko sun san da zuwanku. Akwai bukukuwan da ƙungiya take ɗaukar nauyin jirginta da kanta, wannan ba baƙon abu ba ne, amma ko a nan kamfanin jirgi ake biya a karɓi tikiti. Kuɗin biza kuma ofishin jakadanci ko cibiyar da ya wakilta ake biya a karɓi rasit, kuma ƙasashen Turai suna bukatar mai nema ya je da kansa a ɗauki hoton yatsunsa, saboda haka duk wanda ya ce zai kawo muku biza kuna zaune a Sabon Gari, ku riƙe kuɗinku. Idan ya ce lokaci ya ƙure, ba za a jira amsar masu bikin ba, ka ce masa kun haƙura da na bana. Yaran da suka riga suka ba da wani abu, ka rubuta sunayensu da adadin da ranar da suka bayar, ka kira mutumin gaban shaidu biyu daga cikin dattawan unguwa ka nemi ya mayar, in ya ƙi ku kai maganar ga 'yan sanda da takardar a hannunku.